Filas ɗin Ƙanƙara

Lokacin da kuɗin fetur ya fara zuba, aka kawo mana wata na'ura a rumbun irin auduga da nake aiki a Gombe. Siririn ƙarfe ne na filatinam da ake cusawa cikin tarin iri, waya ta haɗa shi da akwatin da ke buga yawan zafi a takarda. In iri ya ɗau zafi ba a farga ba, ya mutu ke nan.

To, na'urar nan akwai iyayi. Duk wata sai an tsoma ƙarfen cikin ƙanƙara an ga ta nuna sifiri, kafin a yarda da ita. Ƙanƙara kuwa ba a samunta kullum sai a wani gidan giya mai firjin kananzir. Ni aka ɗora wa ɗaukowa.

Haba! Kafin damina ta faɗi, kowa a unguwarmu ta Dawaki ya ji cewa ni, ɗan mai kiran sallar unguwa, ina shiga mashaya da rana tsaka, har da filas na guzuri. Dattawa suka daina amsa gaisuwata da kyau. Na ji kamar in nutse.

Baba ya kira ni zaure. Na rantse, na yi ta bayanin sifiri da filatinam har bakina ya bushe.

"Aikin ba ya yiwuwa sai da ƙanƙarar?" ya tambaya.

"Ba ya yi, Baba."

"To, kawo filas ɗin. Kai yaro ne, ko aure ba ka yi ba, sunanka ba zai iya ɗaukar wannan ba. Nawa ya tsufa."

Na roƙe shi, ya ƙi. Da wata ya zagayo, na bi shi daga nesa a kan keke. Na ga tsohon nan da farar rigarsa ya tsaya a ƙofar gidan giya yana sallama, kiɗa na tashi a ciki, wasu 'yan maye na leƙowa suna dariya. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na kasa matsawa kusa.

Da ya fito ya hango ni, sai ya miƙo mini filas ɗin.

"Yi sauri, kada ta narke," ya ce.