Ranar da Na Faɗi Sunansa

Duk rayuwata sau ɗaya na taɓa faɗin sunan mai gidana da bakina, kuma a gaban baƙo na faɗe shi, hannuna bisa Alƙur'ani. In na ba jikokina labarin dariya suke yi, don su yanzu mace a waya take kiran mijinta da sunansa, har ta gutsure shi don gayu. To bari in rubuta yadda abin ya kasance, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, ko da layin zai karkace.

Ni ba a nan aka haife ni ba. Ƙauyenmu yana can ƙetaren iyaka, cikin Nijar, wunin jaki guda daga Ƙonni. Mu dai ba mu ɗauki iyakar bakin komai ba. Hausar ɗaya, geron ɗaya, kiran sallar ɗaya, sai dai kuɗinsu daban da hular 'yan sandansu. Babana mai haƙar rijiya ne. In ya gama rijiya, sunansa take ɗauka, ka ji mata suna cewa za su rijiyar wane. Ni da idona na san guda bakwai. 'Ya'yansa maza biyu duk tun suna goye suka koma, ni kaɗai na tsaya. In ya fito daga rami, jikinsa duk jar ƙasa, na miƙa masa ruwa, yakan ce, "Ke da rijiyoyin ga, ku ne za ku riƙe min suna."

Goggona ce ke aure a wani ƙauye kusa da Maradun. Da ta haihu aka turo ni in taya ta zaman jego, can mai gidana ya gan ni ina shanya, ni ma na gan shi, ba sai na ja zancen ba. Shekara biyu da bikinmu Babana ya rasu. Dangin mijina suka laƙaba min 'yar Faransa, don haka tsofaffi ke kiran ƙasarmu, shi ma mai gidan da shi yake kirana in yana cikin raha. Amma duk inda ake son cikakken suna, ko a katin awo ne, nawa ake faɗi a bi shi da na Babana. Haka kowace mace take a wurinmu. Aure yana canza maka ɗaki, ba ya canza maka uba.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Motocin da ban taɓa ganin irinsu ba suka yi ta yankar ƙasa, ruwa ya taru ya haye gonakinmu, muka kwashe muka dawo gefen Talata Mafara. Mai gida ya shiga leburancin gina hanyoyin ruwa, daga baya ya sami ɗan fili wajen Bakura yana shinkafa da albasa. A cikin waɗannan shekarun ne wani ɗan garinmu mai fataucin kanwa ya gaya min rijiyoyin Babana huɗu sun rufta, sauran an ɗaure su da siminti, yanzu rijiyar gwamnati ake ce musu. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na ce a raina, to saura ni ke nan.

Muna da 'ya'ya uku, ina da ƙaramin cikin na huɗu, rediyo ta fara faɗin duk baƙon da ba ya da takarda ya bar ƙasa. Ni ko a jikina, don ban san ni baƙuwa ce ba. Amma wata ranar da la'asar mai gida ya dawo, na ajiye masa fura, ya ƙi buɗe kwanon. Ya ce ya ga an loda wasu abokan aikinsu a babbar mota, har da wanda suke cin abinci kwano ɗaya.

"To ni mi ya shafe ni, Malam?" na ce. Malam nake ce masa. "Ni da ko ƙofar gida ba ni fita?"

"Ba ki fita, amma ana shigowa," ya ce.

Mai unguwa ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, wa zai taɓa matar aure mai 'ya'ya uku? Bai kwantar ba. Ya sayar da buhun albasa biyu ya tafi Sakkwato, ya yi kwana uku yana bin ofisoshi, ya dawo da takardu a cikin leda. Ya ce matar ɗan ƙasa tana iya zama 'yar ƙasa, sai dai da hoto, da shaidar liman da mai unguwa cewa an ɗaura aure, da rantsuwa. Ranar Talata muka shiga kasuwa aka ɗauke ni hoto, mai hoton yana ta cewa in ɗago kai, ni kuwa kamar an ɗora min dutsen niƙa a wuya.

Sauran maganar bai faɗe ta ba sai da ƙanwarsa ta shigo. Ita bazawara ce a lokacin, tana zaune da mu, bakinta ba ya hutawa, kuma tsakanina da ita wasa ne tun ina amarya. Ina jin don ta rage nauyin zancen ya jira ta. Ya kalli ƙasa ya ce, akawun ya ce tunda ta hanyar aure zan shiga, da sunan aure za a rubuta ni. Nawa, sannan nasa. Kuma ranar rantsuwa ni zan faɗa da bakina.

Ƙanwarsa ta saki ludayi ta kama ciki. "Wayyo ni! Yau 'yar Faransa ta shiga uku! Yaya, don Allah ku tahi da ni, ko a bayan mota ne, in ji da kunnena!"

Wanda bai san mu ba ba zai gane abin dariyar ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidansa ban taɓa kama sunansa ba. Ba tsoro ba ne, kunya ce, haka na tarar da uwata da kakata. Akwai mahaucin da ke kawo mana nama, sunansu ɗaya, ni takwaran Malam nake ce masa. Ko yaron maƙwabta ne mai sunan, sai in ce kai mai jar riga.

Ita tana dariyar wannan, ni kuwa hankalina yana wani wuri. Na ce, "Na Baba fa, ina za a sa shi?"

Ya ce layin takardar suna biyu kawai yake ɗauka. Ƙanwar ta daina dariya ta ɗauki ludayinta.

Mako biyu aka ba mu. A cikinsu babu dabarar da yarinyar nan ba ta yi min ba. Muna daka sai ta ce, "Wai wa ya sawo miki zanen ga?" In ce, "Yayanki." "Wane daga ciki? Ina da yayye ukku." In ce, "Wanda kinka fi jin tsoro." Ta ce in gwada faɗa wa turmi, turmi ba ya kai tsegumi. Na kuwa gwada, ranar da ba kowa a gida. Na sunkuya kan turmin, leɓena ya motsa, murya ta ƙi fita. Sai na tsinci kaina ina faɗin na Babana a maimakonsa, a hankali, sau uku, kamar mai sallama da baƙon da zai yi nisa.

Daga baya na ji wasu na cewa ba dole ba ne a canza, wai da mun dage da an bar min nawa. Allah ne masani. Mu a lokacin abin da na bayan tebur ya faɗa shi ne doka, kuma mutumin da ya ga an loda abokinsa a mota ba ya da zuciyar gardama.

Ranar rantsuwar muka yi sammako muka hau motar Sakkwato a tashar Mafara. Ofishin ɗaki ne mai fanka a sama da taga mai gilashi yanka-yanka. Akawun saurayi ne fari siriri, da biro a kunne. Ya gaishe mu har da tambayar gajiya da mutanen gida da yadda ruwan dam ya bar mu. Ya ɗauko tsohon katin awona da muka haɗa da takardun, ya duba, ya ja layi ɗaya a kan sunan Babana a takardarsa, ya rubuta wani a sama. Ban iya karatu ba a lokacin, amma na san wanda aka soke. Ƙarar biron har yau tana kunnena, ƙiiit, kamar an ja ƙaya a kan ƙwarya.

Ya tambaya ko ina da alwala, na ce ina da ita. Ya ɗora hannuna bisa Alƙur'ani ya ce in riƙa maimaita abin da ya faɗa. Ya ce "Ni," na ce "Ni." Ya faɗi sunana, na faɗa. Ya faɗi na Malam.

Fanka tana ta juyawa. Malam yana zaune a benci, gwiwarsa kusa da tawa.

Akawun ya sake faɗa. Na ce, "Shi ɗin dai."

Ya yi murmushi ya ajiye biron. "Inna, wallahi na sani. Uwata ma har Babanmu ya rasu ba ta taɓa faɗi ba. Amma rantsuwa ba ta karɓar shi ɗin dai. In na rubuta kin faɗa alhali ba ki faɗa ba, ni na yi ƙarya bisa Littafi. In kuma na rubuta kin ƙi, na sama za su ce matar da ba ta san sunan mijinta ba, anya matarsa ce?"

Na tuna 'ya'yana uku da na baro wa ƙanwarsa, ƙaramar tana kuka tana riƙe da zanena. Na saci kallon Malam, na sunkuyar da kai.

Sai Malam ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Malam akawu, ina ake samun goro a nan? Bakina ya yi tsami." Goro kuwa yana aljihunsa, ni na ƙulle masa shi a ganye da safe. Ya sa takalmi ya fita, ya ja ƙofa.

Na rufe ido na faɗa. Ashe sunan ba ya da nauyi a baki, gaɓa uku ne kawai, sai dai ya fito da wata irin murya da ban san ina da ita ba. Muka ƙarasa rantsuwar, na dangwala yatsa. Akawun ya ce, "Sannu Inna, kin yi jihadi." Takardar kanta sai bayan watanni ta fito, amma ya ba mu wata ƙarama mai hatimi ya ce ko wa ya tambaya a nuna masa.

A mota na ja mayafi na rufe fuska. Sai da muka kusa mararrabar Bakura, inda alkama ta yi kore shar a tsakiyar rani, ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Tagar ofishin nan ba ta rufuwa."

Na ji kamar in nutse cikin kujera.

"Ashe haka kike faɗinsa," ya ce. "Tun da uwata ta rasu ban ji wanda ya faɗe shi da daɗi haka ba."

Sai hawaye. Ya ɗauka kunya ce, ya fara ba ni haƙuri yana dariya. Na ce ba ita ba ce. Na ce, "Rijiyoyin sun tahi, yau ni ma an soke ni." Ya ciro goron nan ya ɓare, ya ba ni rabi, ya juya yana kallon ruwan da ke bin hanyar siminti a gefen titi har muka iso gida.

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ƙanwarsa ta yi ta naci in maimaita mata yadda na faɗa, har da alkawarin za ta yi min wanki wata guda. Ban faɗa ba, wankin ma ba ta yi ba.

Da damina ta faɗi na haihu, namiji. A al'adarmu uba ke zaɓen suna, uwa tana ɗaki sai dai ta ji. Ɗanmu na fari sunan mahaifin Malam ya ci, wannan kuwa kowa ya san na yayan Malam marigayi za a sa, an riga an gama magana a dangi. Safiyar suna ina zaune bakin gado da jariri, mata cike da ɗaki, muka ji an shafa fatiha a waje, maroƙi ya ɗaga murya. Ban ji da kyau ba saboda guɗa. Sai ga ƙanwarsa ta faɗo ɗakin ba ko sallama, ɗankwali a hannu.

"'Yar Faransa! Tashi ki gaida ubanki, ga shi nan a cinyarki!"

Na kalli yaron. Ya yamutsa fuska yana neman nono, jajir da shi kamar wanda ya fito daga ramin rijiya. Matan suka yi ta yi min dariya ina kuka, wata tsohuwa tana cewa mai jego ba ta kuka, nono zai tsinke.

Shi ma ɗin ban taɓa kiran sa da sunan ba, wa zai kama sunan ubansa? Baba muke ce masa, har yau da ya yi furfura.

Shekarar da aka sa shi makaranta ita ce shekarar da na fara zuwa ajin manya. Wata rana ya dawo da littafinsa, malaminsu ya rubuta masa suna a bango da jan biro. Na zauna a tabarma na bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ina haɗawa. Na Babana ne a gaba, na Malam yana biye da shi, a layi ɗaya, ba wanda aka soke.

Malam yana gefe yana gyaran fartanya. Ya ce, "Karanta muna mana da ƙarfi, mu ji ko kuɗin alli bai tahi banza ba."

Na rufe littafin na ce, "Na karanta a zuci."