Ƙodar da Lubabatu ta ba Mudi

A tashar Kaura Namoda ana kiran Mudi da Dogo, don gajere ne. Da ni da shi muka fara kwandasta, muka zama direbobi tare. Shi gero da dawa yake ɗauka zuwa kasuwar Shinkafi, ko lokacin da hanyar ta lalace da 'yan bindiga bai daina ba. In ya ga tsohuwa a gefen titi da ƙullin kaya sai ya taka birki, yana faɗa yana loda mata. Ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba.

Da ƙodarsa ta daina aiki, likitoci a babban asibitin birni suka ce sai dashe. Aka nemi dangi su zo gwaji. Baffansa Maitama, mai 'ya'ya maza ƙarti, ya ce yaransa na da noma a gaba. Ƙanwar Mudi, Lubabatu, ita ta taso daga gidan mijinta a Gurbin Bore ta kwanta aka yanka ta.

Aiki ya yi kyau. Mudi ya dawo gida, har ya fara zagin yaron motarsa, muka ce lafiya ta samu. Sai zazzaɓi. Sai jajayen ƙuraje a tafin hannu, suka bi jiki, fata ta riƙa saɓulewa. Ga gudawa, ga gyambo a baki. Na mayar da shi asibiti, Maitama ya bi mu.

Likitar da ke duba shi ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali. Ta ce kowane jiki na da ƙwayoyin da ke tsaronsa, kuma wasu na Lubabatu sun biyo ƙodar. Yawanci sukan mutu da kansu. Amma an danne na Mudi da magani don kada su ƙi ƙodar, ga shi jininsu ɗaya, jikinsa bai ɗauke su baƙi ba. Su kuwa suka ɗauke shi baƙo, suka far wa fatarsa da hanjinsa da ɓargonsa. Ta ce da wuya hakan ke faruwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Sau biyu ta faɗi wannan.

Magani bai kama ba, Mudi ya roƙa a kai shi gida. Kafin mu sauke shi, Maitama ya gama zaga unguwa. Wai har likita ta tabbatar wani abu daga cikin yarinyar ke cin ɗan'uwanta. Mayya ce. Mutumin da ya ɓoye 'ya'yansa ranar gwaji, shi ne yau mai kishin Mudi. Tir.

Dangi suka aika aka taho da Lubabatu. Ka san abin da ake sa wanda ake zargi da maita: ya tsallake maras lafiya, wai don ya saki kurwarsa. Aka shimfiɗa Mudi a tsakar gida da rana tsaka, mata cike da ƙofa, wasu na leƙe ta katanga. Na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah, tare muka ji bayanin nan."

Ya ce, "Kai direba, mi ka sani? Wanga zancen gida ne."

Lubabatu na tsaye, hannunta a kan wurin ɗinkin, ko miƙewa sosai ba ta yi. Ta ce, "Yaya, in na tsallaka na amsa ke nan. In na ƙi, su ce ni na kashe ka."

Mudi ya buɗe bakin nan mai gyambo ya ce, "Luba, ai kin saba. Tun muna yara kike tsallake ni, ke kika hana ni tsawo." Ba wanda ya yi dariya sai ita, tana hawaye. Ta tattare zani ta tsallaka.

Da aka watse ya kama hannuna, nasa duk ya ɗaye. Ya ce, "Abokina, ita kaɗai ta ba ni. Kada ka bari su maishe ta abin gudu."

Bai kai Juma'a ba. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ranar sadakar uku Lubabatu ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, irin wanda yake so, aka fito da shi ƙofar gida. Sauran kwanuka suka tashi tas. Nata na nan a rufe, mutane na janye tabarma daga kusa da shi. Waɗansu cikinsu Mudi ya sha ɗauka kyauta.

Na jawo kwanon nata zuwa gaban Maitama, na buɗe, na yi bisimilla da ƙarfi. Direbobin tasha suka dubi juna, suka wanke hannu suka matso. Muka cinye, na aika ciki a ce wa Lubabatu ta ƙaro.