Jego da Furfura

Haihuwa tara na yi, huɗu suka tsaya. Duk a ɗaki na haife su, duk na yi wankan jego: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, safe da yamma, har arba'in. Ban mutu ba.

Da autata ta tashi haihuwar fari, ɗan ya zo a gicciye. A wani asibiti a Sabon Gari aka yi mata aiki aka ciro shi. Ranar sallama nas ɗin, wata 'yar Ibo, ta riƙe min hannu.

"Mama, na san ku. Ba ruwan zafi, ba kunun kanwa. Ka zuba, ɗinki ya buɗe. Ka ji?"

Na ce na ji. Na ga ɗinkin da idona. Ko dilar atamfa a kasuwar Kwari ba a yi mata irinsa.

Na kawo ta gidana a Fagge. Washegari sai ga uwar mijinta da itace cike da a-daidaita-sahu.

"Hajiya, in ba za ki iya ba, ba ni ita. Ba za a bar min suruka da ɗanyen jiki ta ruɓe ba."

Na san hannunta. In ta tafi da yarinyar, sai ta dafa ta. Ga shi ƙanwarta ce maƙwabciyata, katanga ɗaya, kunne kamar na zomo.

Sai na hura wuta. Kullum in tafasa ruwa, hayaƙi ya tashi kowa ya gani. In shiga banɗaki, in tuɓe, in tsoma ganye in fyaɗa wa jikina, don a jiyo ƙarar ta bayan katanga. Yarinyar na zaune a bakin ƙofa, aikinta ihu kawai.

"Wayyo Inna, zafi!"

"Rufe min baki, raguwa!"

Ni kuwa fatata ce ke salewa.

Wata rana yarinyar ta shagala da waya. Na fyaɗa, shiru. Na sake fyaɗawa, shiru. Dole na yi ihun da kaina, na kuma zagi kaina. Ta bayan katanga aka ce, "Haba Hajiya, a sassauta mata mana!"

Kunun kanwar da dangin mijin suke aikowa ma, dole kwano ya koma wayam. Ni nake shanyewa.

Ranar arba'in uwar mijin ta zo. Ta juya yarinyar gaba da baya, ɗinki ya warke sumul.

"Kin gani? Likita ya ce, likita ya ce. Ga aikin ruwan zafi nan!"

Na ce, "Ƙwarai."

Sai ta tsaya tana kallona. "Ke kuma wannan sheƙi fa? Har da kumatu. Ina ɗingishin naki?"

Na taɓa gwiwar. Shekara da shekaru tana ciwo, ban ma lura ta daina ba.

Na ce, "Hayaƙi ne ya karɓe ni."