Rubutun Gefen Littafin Baba Yohanna

Kaduna, Asabar

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na bar Unguwar Mu'azu da littafi ɗaya a jaka. Na Baba Yohanna ne, malaminmu na adabin Turanci a sakandare. Wani mawaƙin Ingila ne ya tattara tatsuniyoyin gumakan Girkawa a ciki. Aron sati biyu ya ba ni, ga shi har na yi furfura. 'Yarsa Rifkatu ce ta kira ni, ta ce idonsa ya tafi, jiki ya yi rauni, kullum cigiyar littafin yake. Don kunya na fara kai shi wajen mai ɗinkin littattafai a Nasarawa, ya yi masa sabon bango, ya datse gefunan tas.

Hanyar Kachia

Shida da kwata motar Zonkwa ta tashi. A shinge na biyu soja ya buɗe littafin.

"Alhaji, wace ce wannan mai gashin macizai?"

"'Yar Girka ce, ofisa. Ba ta sauka a nan."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Saura kilomita goma sha biyar taya ta fashe, direba kuma ba safaya. Na bar su suna shawara, na hau acaɓa.

Zonkwa

Sha ɗaya da rabi na isa. Baba ya shafa littafin.

"Isa, wa ya yi masa aski?"

"Gyara na sa aka yi, Malam."

"Ai ba Baturen nake nema ba. Duk inda labarinsa ya yi kama da na kakata, na rubuta nata a gefe da fensir. Babu su a ko'ina sai nan."

Na buɗe. Kowane layi na fensir wuƙar mai ɗinki ta cinye rabinsa.

"Har yanzu ka fi son tsabta da karatu," in ji shi. "Karanto abin da aka bari. Sauran yana kaina tukuna."

Rifkatu ta kawo biro da littafin rubutu. Ni da na zo wuni, sai da na kwana uku, ina cin faten acca, ina karanto rabi yana cikawa ina rubutawa. In ya gaji in jira. Labarai biyu sun ɓace masa, ya ce in bar musu fili.

Talata da la'asar na sauka gida lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Rifkatu da Baba, wanda da aka karanta masa ya ba ni makin rubutu huɗu cikin goma, ya ce na ƙaru.