Ranar da Na Ba Amare Biyu Ɗaki Ɗaya

Ko da zan manta sunayen jikokina, waɗanda dama nakan cakuɗa, ba zan manta da Asabar ɗin da na ba amare biyu ɗaki ɗaya a unguwar Daurawa ba. Har yau idan na ji guɗa sai in laluba aljihu in ƙirga makullai.

Ni dillalin gidajen haya ne. Boko kam leƙa shi kawai na yi, na ga bulala ta fi karatun yawa, na juyo. Saboda haka ofishina a kaina yake. Shekara da shekaru da ƙafa nake aikina, daga Gyaɗi-Gyaɗi in ratsa Tarauni in ɓulla Unguwa Uku, kuma babu ɗakin da zai tashi ban sani ba. Na san mai gidan da ba ya son gwauro, na san wadda ba ta son mai tarin yara, na san gidan da rijiyarsa ke ƙafewa da bazara.

To, sai babban ɗana ya samu aiki, ya saya mini babur da waya, wai in huta. Na kuwa huta har na wuce wuri. Na kama benci a wajen wani mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi, nan nake wuni, mai neman ɗaki ya zo in yi masa kwatance ta waya. Ko masallacin da ke bayan layi da babur nake zuwa. Tumbi ya fito, jamfofina suka fara ƙorafi. Da na ci abincin rana sai kaina ya yi nauyi kamar an zuba masa kunu. Mai shayin yakan ce, "Baba, wannan bencin fa ya kamata ka fara biyan hayarsa." In yi dariya in koma gyangyaɗi.

A cikin irin wannan gyangyaɗin ne wani direba, ɗan ƙanen abokina, ya zo neman ciki da falo saboda zai yi aure. Akwai wata Hajiya da ta damƙa mini gidajenta, ita ce ma rufin asirina a sana'ar, kuma tana da wanda ya tashi a Daurawa. Na zaro makulli na ba shi, na ce ya je in ya dawo daga tafiya ma yi magana. Ya tafi, zancen ya bi shi. Bayan 'yan makonni wani tela ya zo da irin wannan buƙatar, na kai shi wajen Hajiya aka gama komai, na miƙa masa ɗaya makullin, zuciyata wasai.

Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Hajiya ce, ko sallama babu.

"Malam, kana ina? Ka zo ka ga abin da ka shuka."

Na tarar da motocin a-kori-kura biyu a ƙofar gida, kowacce da gado da katifa da kujeru. Dangin amaryar tela sun riga sun shiga jere, har sun ɗaura labule. Dangin amaryar direba kuma sun tsaya a tsakar gida da kwanukansu a ka, kowane ɓangare yana ɗaga makulli. Wata gwaggon amaryar direba, gajeriya mai muryar lasifika, ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, kai ne dillalin? To sannu, Baba. Gadon za mu ɗora kan gado, ko amaren ne za su riƙa karɓa-karɓa?"

"Hajiya, a yi haƙuri, shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai da tumbi irin wannan. Kai ne."

Mata suka kwashe da dariya, amma direban bai yi ba. Yana jingine da bango, idonsa ya yi ja, domin a daren nan za a kawo masa amarya, ga shi ba shi da inda zai sa ta. Hajiya ta ja ni gefe, ta ce ɗaki na tela ne. In ban samo wa yaron nan wani kafin magariba ba, in kawo mata makullanta duka, kuma za ta gaya wa ƙawayenta masu gidaje.

Na fito na tsaya a bakin layi. Na lalubi kaina, wayam. Ni da nake haddace da ɗakunan unguwa kamar Fatiha, ko ɗaya ya ƙi zuwa. Babur yana wajen mai faci tun safe. Wani mai adaidaita sahu ya tsaya ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na yi masa hannu ya wuce, don ni ma ban sani ba. Tsayuwa ta gagare ni, zama ya gagare ni, sai kawai na fara tafiya kamar wanda kunama ta harba.

Kai, na sha wuya! Kafin in fita Daurawa numfashina ya koma na tsohon injin markaɗe. Gwiwoyi suna ƙara, hula ta jiƙe, silifa yana neman tsinkewa. Na buga ƙofa nan, an ce an kama. Na buga can, an ce ai tun bara. Na yi azahar a tsaitsaye na ci gaba. Wani tsohon abokina ya hango ni ya ɗaga murya, "Lafiya? Ko kura ce ta biyo ka?" Na ce, "Gara kura, gwaggon amarya ce."

Abin mamaki, wajen unguwar Babban Giji, lokacin da gumi ya gama wanke ni, sai na ji nauyin nan na kaina yana sauka. Na fara ganin layukan kamar da. Wannan gidan mai rijiya ne, wancan na mai ƙin gwauro. Ina shan wata kwana sai abu ya faɗo mini tar: watannin baya wani malamin makaranta ya tsaya a bencina ya ce an yi masa canjin wajen aiki, zai tashi bayan Sallah, a gidan wani Alhaji mai bishiyar darbejiya a ƙofa. A lokacin na ce masa to, na koma barci. Ga darbejiyar can a ƙarshen layi.

Da gudu na ƙarasa, in dai abin da na yi za a kira shi gudu. Alhajin yana alwalar la'asar. Na durƙusa ina haki, na kasa ko gaisuwa.

"Malam, sha ruwa tukuna. Wa ya mutu?"

"Ni ne, Alhaji, in ba ka ba ni ɗakin malamin nan ba."

Ɗakin yana nan, an ma yi masa sabon fenti. Kafin a kira magariba an kafa gadon amaryar direba, an yi guɗa. Gwaggon ta leƙo ta ce, "Baba, ashe kan yana aiki, sai an kora shi ne." Hajiya ba ta karɓi makullanta ba, amma ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da hanci.

Washegari da ƙyar na tashi, cinyoyina kamar an daka. Duk da haka bayan asuba na fita zagaye, na kuma mayar da shi al'ada. Wani maƙwabcina ma'aikacin asibiti ya ce wai tafiya tana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ni ban leƙa na gani ba. Abin da na sani shi ne gyangyaɗin rana ya ragu, sunaye suka dawo, ban sake ba mutum biyu makulli ɗaya ba. Babur sai in tafiyar ta yi nisa, benci kuwa mai shayi ya ba wani haya.

Abin da ranar ta koya mini ke nan: kai da ƙafa abokan aiki ne, in ka sallami ɗaya, ɗayan ma ajiye aiki yake yi ba tare da ya gaya maka ba. Wanda duk abincinsa ke cikin kansa, to ya tashi ya taka, tun kafin gwaggon amarya ta tashe shi.