Bokitin Amm Ragab

Har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin da aka ɗora mini malafa aka ce in kira birai ba. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannenmu sababbin zuwa da ke zaune a unguwar Faisal a nan Masar, masu yawan tambayata yadda aikin sa-kai yake a garin nan.

Masu ɗaukar nauyin karatunmu sun sa sharaɗi: duk ɗalibin da ke son a sabunta masa tallafi sai ya kawo takardar shaidar ya yi aikin sa-kai na wata ɗaya a lokacin hutu. In ba takarda ba tallafi, in ba tallafi kuwa sai jirgin Kano. Lokacin ina shekara ta uku a fannin hadisi. Abokaina suka riga ni cike ɗakunan karatu da asibitoci, ni kunya ta hana ni yawon nema, har abin da ya rage sai wani wurin shaƙatawa can bayan Helwan, mai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masu ciwon gaɓoɓi ne ke zuwa su jiƙa jiki. A kan dabinon da ke kewaye da wurin akwai birai bakwai. An ce daga hannun wani mai wasa da su suka tsere shekarun baya, suka koma 'yan daji.

Manajan wurin, Ustaz Magdi, ya duba takarduna, ya ɗago ya dube ni.

"Najeriya? Tamam! Allah ne ya kawo ka. Daga yau birai suna hannunka."

Ni a Gwale aka haife ni, cikin birnin Kano. Sau ɗaya na taɓa ganin biri, a gidan zu, shi ma barci yake. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na ji kaina na ce, "To, ya Ustaz."

Sai na yi abin da na iya, na sayi littafi. Kowane biri na ware masa shafi, yadda muke yi wa masu ruwayar hadisi: kamanninsa, lokacin saukowarsa, da abin da ya sata. Babbansu mai yankakken kunne na rubuta a gabansa, "Ba amintacce ba ne." Cikin kwana goma na gano abu ɗaya da ba ya saɓawa. Ba sa saukowa bakin ruwa sai sun ji ƙarar bokitin ƙarfen Amm Ragab, dattijon da ke wanke tafkin, wanda ya shekara da shekaru yana zuba musu ragowar gurasa. Ya san mai cizo, ya san wadda ke da ciki.

Na kai wa manaja wannan bayani. Ya yi dariya.

"Ragab? Ragab mai goge-goge ne. Kai ne ɗan Afirka."

Ban tambaye shi a wace nahiya Masar take ba. Takardata nake so.

A makon ƙarshe aka ce wakilan kamfanonin yawon buɗe ido za su zo su ga wurin. Ustaz Magdi ya ba da umarni Amm Ragab ya zauna bayan kicin da bokitinsa, wai jallabiyarsa za ta ɓata hoto. Ni kuma ya miƙo mini malafa da wani mayafi mai ɗigo-ɗigon damisa.

"Da yarenku za ka kira su. In sun sauko, takardarka tana kan tebur. In ba su sauko ba, khalas, shi ke nan, ban san ka ba."

Baƙi suka jeru a bakin tafki, kowa ya ɗaga waya. Manaja ya gabatar da ni da sunan Dakta, daga tsakiyar dajin Afirka. Na tsaya cikin tururi, tabarauna ya yi raɓa. Na ɗaga kai na ce da Hausa, "Don Allah ku sauko. Ku rufa mini asiri. Shekara ɗaya ta rage mini."

Mai yankakken kunne ya soshi cikinsa, ya juya mini baya.

Sai na ji murya daga gefe: "Kai, Malam! Ko wajen neman aure ba a irin wannan magiya." Ashe direban motar baƙin Bahaushen Sudan ne, mazaunin unguwar Ard al-Liwa. Wata baƙuwa ta tambaye shi me nake cewa. Ya tsuke fuska ya ce mata, "Kirarin daji ne, ya Madam. Ba a fassara shi."

Na maimaita roƙon sau uku, ko ganye bai motsa ba. Fuskar manaja ta fara canza launi. Nan na juya na faɗi magana mafi tsawo da na taɓa yi a wurin, a gaban kowa.

"Ya Ustaz, ba za su sauko ba sai Amm Ragab ya zo da bokitinsa. Ga shi a rubuce, kwana ashirin da uku, ba fashi. Ni ban san biri ba. Shi ya sani."

Na ɗauka takardata ta tafi ke nan. Ustaz Magdi ya yi murmushi ya ce wa baƙi, "Dakta yana buƙatar mataimakinsa."

Amm Ragab ya fito yana jan silifa, bokitin yana ƙara. Kafin ya iso, duk bakwai ɗin sun sauko, biyu har suka tsoma ƙafa cikin ruwan. Aka yi ta tafi, kuma ni aka yi wa. Mai yankakken kunne ya fizge malafar ya haye dabino da ita. Wannan ce kaɗai satarsa da ban rubuta ba.

Ranar Lahadi na karɓi takardar. An rubuta cewa na nuna ƙwarewa kan birai wadda na gada daga kakannina. Kakana maɗinkin hula ne. Na roƙa a cire wannan layi, a sa sunan Amm Ragab. Manaja ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, an riga an buga hatimi."

Kafin in tafi na ba wa Amm Ragab littafin. Ya jujjuya shi, don ba ya karatu.

"Me ke ciki, ɗana?"

"Abin da ka sani ne, Amm."

"To me zan yi da shi?" Ya kama fifita garwashin shayi da shi.

An sabunta mini tallafin. Jami'in da ya karanta takardar har yau in mun haɗu cewa yake, "Dakta, ya mutanen dabino?"

Don haka ƙannena, duk inda aka tura ku, za a yi muku kallo ɗaya a ɗora muku malafar da aka ga dama. Ku karɓa in ya zama dole. Amma tun ranar farko ku zagaya bayan kicin ku nemi mai bokiti, ku gaishe shi da kyau. Shi ke riƙe da wurin, kuma ba za ku taɓa ganin sunansa a takarda mai hatimi ba.