Ginshiƙina a Bangon Buro

Mai zanen nan ya cuce ni, kuma ban yafe ba.

Rumfar kasuwarmu ta ƙarfe ce tun ta zamanin Nasara, ginshiƙanta baƙaƙe, kwanon rufin ya yi tsatsa, in rana ta take sai ya riƙa ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ba lamba a wurin. Kowace mace tsumma take ɗaurawa a ginshiƙinta, shi ne shaidar mazauninta. Nawa jan ƙyallen atamfa ne, uwata ta fara ɗaurawa, in ya mutu in sake wani. A gindinsa nake sayar da daddawa.

Sai aka ɗauko wani mai zane daga Maraɗi ya zana rumfar a bangon buro, wato ofishin hukumar gari. Ya zo kasuwa ya kafa kujera yana ta leƙen sama, yana yaba yadda aka lanƙwasa ƙarafan rufi. Na ce, "Malam, ga mutane nan ƙasa." Ya ce, "Inna, ɗan gusa, kin tare mini ginshiƙi."

Da ya gama muka je gani, mu 'yan karatun manya, da yake a harabar ake koya mana baƙi. Rumfa ta fito fes, shuɗiya, ko ƙuda babu. Ba tsumma, ba faifai, ba mace ko ɗaya. Wata 'yar Gangara mai sayar da nono ta ce, "Yaya, annoba ce ta cinye mu ba mu sani ba?"

Manyan buro suka ga zanen ya fi rumfar kyau. Da kasuwa ta zagayo na tarar an yanke tsummokaran kaf, wai ƙazanta ce, baƙi za su zo. Wani mai sayar da tabarau da cajar salula ya baza kaya a gindin ginshiƙina. Na ce wurina ne. Ya ce, "Hajiya, ina shaida?" Sarkin kasuwa kuwa ya ce daga sama maganar ta zo, in yi haƙuri. Haka na koma gida da kayana, ko ƙulli ɗaya ban sayar ba.

Washegari da safe na ɗauki kwandona na nufi buro. Na bi ginshiƙan da aka zana a bangon daga gabas har na kai nawa, na shimfiɗa buhu a gindinsa, na buɗe daddawa, warinta ya doshi tagar manya. Mai gadi ya taso a guje. Na ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Wannan ce rumfar da suka sani. Nan zan zauna sai sun mayar mini da waccan."